Gidan Igiya

Dogon Dutsi, watan Mayu, 2023

Zuwa ga aminiyata Salma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Inna da ta bi ki can. Yaya aiki, yaya zafi, yaya masu haihuwa? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Na gaji da kiran salularki ana ce mini ba ta kamawa. Da na yi ƙorafi a gida, sai maigidana Luƙman ya ce ai motarsu na kai wake har Abalak, in rubuta in ba Sani direba, shi ya san yadda zai yi ta kai ƙauyenku. To, ga ni na koma takarda da biro kamar lokacin da muke lakwal, makarantar ungozoma, a Damagaram.

Ranar bikina kin tsokane ni, kin ce duk karatun da na yi na ƙare a gidan 'yan dako. Na yi dariya, amma ban ba ki amsa ba, don ni ma lokacin ban san gidan ba. Yanzu na fara saninsa.

Idan kika sauka tasha kika ce a kai ki gidan Alhaji Issa, za a tambaye ki wane Issa. Amma ki ce Gidan Igiya, ko mai tallan ƙosai zai nuna miki. Sana'arsu ɗaurin kaya da ɗaukarsu. Gaban gidan magaza ce babba, wato ɗakin ajiyar kaya, kullum cike da buhuna da kwalaye da tabarmin kaba, ga ƙaiƙayi tsibi guda a kusurwa. Daga asuba ake jin ƙarar guduma da muryar Gwaggo Hindatu, yayar surukina. Tsohuwa ce 'yar siririya, ta haura saba'in, amma babu kayan da ke hawa mota sai ta zagaya shi ta ja igiyar da hannunta. Ƙattan da ke ɗaga buhu biyu a kai, in ta yi gyaran murya sai ka ga sun natsu.

Ita ce ta ba ni labarin gidan, da yamma, tana murza igiya a cinyarta ina tsinke mata zogale. Mahaifinsu, Abdussalamu, mutumin Dumega ne. Da jakin aro ya fara. A lokacin matan da ke ginin tukwane suna shan wahala, domin kafin a kai kasuwa rabin tukwanen sun fashe a hanya. Shi kuwa sai ya zauna ya saƙa raga da igiyar kaba, ya riƙa jera tukunya cikin tukunya da ƙaiƙayi a tsakani, har ya zama randa ma yana kai ta kasuwar Guéchémé lafiya. Ba ya sayen igiya, ya ce bai yarda da wadda bai ga murzawarta ba. Kullum yana gindin bishiya yana murza abarsa, shi ya sa sunan ya bi gidan har yau. Daga jakai ya koma raƙuma, yana ɗauko gishiri daga Fogha yana kai gyaɗa, sannan ya tattaro iyalinsa ya dawo Dogon Dutsi.

Shi kuma surukina Alhaji Issa, da muke ce wa Baba Alhaji, tun yana saurayi mota ta shiga ransa. Ya tafi Yamai ya yi karen mota shekara da shekaru, tsohon yana fushi da shi. Ranar da ya dawo da kamiyo tasa ta kansa, Gwaggo ta ce duk unguwa ta fito kallo, tsohon kuwa bai ko tashi daga tabarmarsa ba. Sai da aka watse ya je ya shafa jikin motar, ya ce ya yarda, amma da sharaɗi: duk abin da za ta ɗauka, hannun 'yan gida ne zai ɗaure shi. Motar na nan har yanzu. Doguwa ake ce mata, wai don tsawonta da kukan da take yi in ta hau tudu. Mus'ab, ƙanen Luƙman, ba ya son sunan, ya ce ba a sa wa abin neman halal sunan iska. Baba Alhaji ya ce masa ai ba shi ya raɗa ba, ya je ya yi wa gari wa'azi.

A yunwar tamanin da huɗu Doguwa ce ta riƙa kai hatsin taimako ƙauyuka, in za ta dawo ta kwaso waɗanda ƙafarsu ta kasa. Har yau akwai tsofaffin da ke zuwa gaida Baba Alhaji da 'yar kazarsu saboda wannan.

Yanzu motocin uku ne. Ban da wake da hatsi da kwambitar, wato dankalin turawa, babban aikinsu kwashe kayan ma'aikata idan aka yi musu afektasiyo, wato canjin wurin aiki. Na ga yadda ake yi. Madubi a tsakanin katifu, kwanukan tangaran kowane da rigarsa ta tsohon zane, ƙafafun gado a naɗe da buhu. Gwaggo ta ce akwai wata matar malamin lakwal da ta zauna tana kuka don za ta bar ɗan mangwaron da ta shuka. Gwaggo ta sa aka haƙo shi da ƙasarsa, ta dasa shi cikin tsohuwar tukunya, ta ɗaure da jiƙaƙƙen buhu, aka kai shi Gaya. Bana ma an aiko mata da 'ya'yansa.

Salma, 'yan dako ne, ban musa ba. Amma ina tafiya likita, asibitin da nake aiki, da safe kaina a sama.

Ki gaida Inna da kyau. Ga ƙullin zogale da ƙuliƙuli nan, Gwaggo ce ta ɗaure, sai kin nemi wuƙa.

Taki har kullum,
Ruƙayya

Dogon Dutsi, watan Disamba, 2023

Aminiyata Salma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna, da fatan ciwon ƙafarta ya yi sauƙi. Takardarki ta same ni, da cukun da kika aiko. Na gode, Allah ya bar zumunci.

Ki yi haƙuri da shiruna. Motar ba ta zuwa wajenku kamar da, kuma ni ma jikina ya yi nauyi. Kin gane. Ki sa ni a addu'a.

Abubuwa sun canja mana. Tun da aka rufe iyaka aiki ya tsaya. Mu nan rabin cinikinmu da Kabi da Sakkwato ne, to ga wake a magaza babu mai ɗauka, ga motoci a tsaye har kaji na ƙwai ƙarƙashinsu. An sayar da ɗaya don kada a sallami ma'aikata. Saura Doguwa da wata da ba ta iya barin kwalta.

Wasu sun zo sun sami Luƙman, suka ce ya ba da mota a riƙa bi ta daji ana shigo da kaya a ɓoye, kowa ma haka yake yi. Ya ce a'a. Bai yi musu dogon bayani ba, ya dai ce gidan bai taɓa ɗaukar kayan da ba zai iya kwancewa a gaban mutane ba. Na san abin ya dame shi, domin a satin nan ko nama ba mu saya ba.

Babban abin shi ne Baba Alhaji. Wata safiya yana alwala ya faɗi. Hawan jini ne, ya taɓa masa ɓarin dama. Mun yi kwanaki a likita. Yanzu yana gida, yana gane kowa, amma magana sai da ƙyar, tafiya kuwa sai an riƙe shi.

Tun daga nan 'yan'uwan biyu suka fara saɓani. Mus'ab na da shagon kayan sola a bakin kasuwa, kuma Allah ya sa masa albarka. Shi ganinsa a sayar da motocin da magazar tun suna da daraja, a faɗaɗa shago, a kula da tsoho cikin rufin asiri. Ya ce zamanin igiya ya wuce, manyan motoci na ta shigowa daga Yamai, kuma ba ibada ba ce a riƙe sana'a don kawai ta kaka ce. Ba na jin haushinsa, Salma. Yaro ne mai tsoron Allah, shi ke sayen maganin Baba, shi ke yi masa wanka. Kuma in aka bi ta hankali, maganarsa na da kan gado. Luƙman dai ya kasa yarda. Ya ce akwai gidaje da yawa da ke ci daga magazar nan, wasu tun kakanninsu.

Suna gaisawa, suna cin tuwo kwano ɗaya, amma ba sa hira. Gwaggo kuwa tana nan kan aikinta. Kullum da safe tana buɗe magaza ta sa a share, ko da kayan ɗauri ko babu.

An tsayar da cewa a jira bayan damina, in abin bai gyaru ba a sayar.

Ki gaida Inna da abokan aikinki.

Taki,
Ruƙayya

Dogon Dutsi, watan Satumba, 2024

Salma 'yar'uwata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya kuma ruwan bana bai yi muku ɓarna ba. Ɗiyata Kausar na gaishe ki, ta fara zama, kuma rigar da kika ɗinka mata ta yi mata cif.

Ki zauna da kyau, labarin yau da tsawo.

Akwai wani ƙauye, Tungar Kalgo, a bayan Guéchémé. 'Ya'yan garin da ke ci-rani suka haɗa hannu suka saya wa ɗakin haihuwarsu na'urar eko ta duba ciki da firjin allura da farantan sola. Kin fi kowa sanin abin da wannan ke nufi a ƙauyen da in haihuwa ta zo da gardama sai an ɗora mace a amalanke. Kayan suka iso Dogon Dutsi a tsakiyar watan Agusta, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mai motar da ya kawo su daga Yamai ya ce shi iyakarsa kwalta. Aka zagaya tasha, kowa ya ce sai ruwa ya ɗauke. Ungozomar ƙauyen kuwa ta kira ni tana cewa mata sun yi mata yawa, ga zazzaɓi, ga alluran yara na lalacewa.

Sai dattawan garin suka zo Gidan Igiya. Luƙman ya shiga ya gaya wa Baba Alhaji. Tsohon ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna ƙofa, wato a fitar da shi. Aka ɗauke shi a kujera aka ajiye a magaza, karo na farko tun faɗuwarsa.

Ban taɓa ganin ɗauri irin na ranar ba. Gwaggo ta sa kafinta ya yi akwatin katako, ta shimfiɗa soso, ta naɗe na'urar da bargo da leda, ta cike kowane lungu da ƙaiƙayi. Sannan ta sa aka ɗaura dogayen sanduna biyu a jikin kowane akwati. Luƙman ya ce mata ai a mota za a sa. Ta ce, da Hausarsu ta Arewa, "Ni dai ban san mi hanya za ta ce ba." Mus'ab ya zo duba farantan sola, tunda fanninsa ne, ya ce zai bi su ya haɗa musu, don kada wani ya lalata.

Suka tashi da safe a Doguwa, Sani na tuƙi, 'yan'uwan biyu a gaba, ma'aikata a baya. Abin da ya biyo baya Sani ne ya ba ni labari, domin Luƙman har yau ba ya son maganar.

Sun wuce Guéchémé lafiya. Da la'asar suka kai wata ƙorama da ke gab da ƙauyen. Ruwan bai kai gwiwa ba, sun taka sun gwada, ƙasan da ƙarfi. Suna tsakiya ƙafar baya ta nutse cikin yashi. Suna cikin haƙa sai wani makiyayi ya rugo yana ihu, ya ce an yi ruwa mai yawa a gabas, ga shi nan tafe.

Mutanen ƙauyen sun fito da shanun noma da igiyoyi. Sani ya ce in aka haɗa ƙarfi duka aka ja da baya, yana jin motar za ta fita, amma in ba ta fita ba ruwa zai same ta da kayan a ciki. In kuma aka tsaya sauke kaya, to an bar motar. Hannun da ke wurin ba zai isa duka biyun ba.

Luƙman ya tsaya yana kallon Doguwa. Motar ubansa ce, kuma ita kaɗai ta rage mai shiga daji. Sani ya ce Mus'ab ne ya tuɓe rigarsa ya haye bayan motar, ya ce, "Yaya, motar tamu ce, kayan ga ba namu ba ne. Ku kama!"

Da sandunan nan na Gwaggo aka ɗauke akwatunan a kafaɗa, mutum huɗu huɗu, ruwa na hawa daga gwiwa zuwa ƙugu. Firjin ne na ƙarshe, 'yan'uwan biyu na gaba, ruwa a ƙirjinsu. Suna taka tudu ruwan ya iso da itatuwa da karan gona. Suna tsaye suna kallo ya kwantar da Doguwa a gefenta, ya ja ta ya haɗa da gindin wata gawo. Sani ya ce shi dai zama ya yi a ƙasa ya yi kuka, bai ji kunyar kowa ba.

Washegari Mus'ab ya haɗa sola, aka kunna na'urar, ta kama. Ko ɗigon ruwa bai shiga ba.

Da suka dawo, ina tsakar gida na ga sun durƙusa gaban Baba Alhaji. Luƙman ya faɗa masa komai, kansa a ƙasa. Tsohon ya daɗe yana motsa baki kafin maganar ta fito. Ya ce, "An hwasa wani abu?" Luƙman ya ce a'a. Ya ce, "Kowa ya dawo?" Aka ce kowa. Sai ya juyo wajena ya ce, "Ɗiyata, ba su tuwo."

Na shiga madafa na kasa ganin tukunya don hawaye.

An jawo motar bayan ruwa ya janye, amma makanike ya ce injin ya tafi. Ban san abin da za a yi ba. Ki taya mu addu'a.

Ki gaida Inna.

Taki,
Ruƙayya

Dogon Dutsi, watan Nuwamba, 2024

Aminiyata Salma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Inna, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Na san labari ya riga takardata zuwa, tunda na ga saƙon ta'aziyyarki ranar da kika shiga Abalak. Na gode. Allah ya ba da lada.

Baba Alhaji ya rasu ranar Laraba da hantsi, a kujerarsa, a bakin magaza. Tun bayan abin da ya faru ya ƙi yarda a bar shi a ɗaki. Ana auna wake a gabansa, Gwaggo ta juya za ta tambaye shi wani abu, ta ga ya sunkuyar da kai. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Amma ya ga abin da ya gani kafin ya tafi, shi ne sanyin da nake ji. Da kaka ta yi, mutanen Tungar Kalgo da ƙauyukan kewaye suka riƙa turo wakensu da gyaɗarsu a amalanke har bakin kwalta, suka ce ba mai ɗaukar musu sai Gidan Igiya. Motar da ta rage ba ta kwana biyu a gida. Ungozomar can kuma ta gaya mini a satin farko na'urar ta nuna mata wata mai tagwaye, ɗaya a gicciye, ta turo ta likita da wuri. Ni na karɓe ta. Duk ukun suna raye.

Maganar sayarwa ba wanda ya sake tayar da ita. Mus'ab da kansa ya tafi Maraɗi ya samo wa Doguwa inji na hannu, ya sayar da rabin kayan shagonsa ya biya. Na tambaye shi ko ya canja ra'ayi ne. Ya yi murmushi ya ce har gobe yana ganin shago ya fi riba, amma ya shiga ruwan nan ya fito, ba zai iya sa hannu a takardar sayarwa ba. Yanzu shi ke riƙe da salular gidan yana karɓar aiki, Luƙman na kan hanya, Gwaggo na kan igiyarta. Ta fara koya mini ƙulli, ta ce hannun ungozoma ba ya rawa.

Ranar jana'iza mutane sun zo daga Dumega da Kiéché da Guéchémé, da direbobin tasha, da tsofaffin ma'aikatan da ya taɓa kwashe wa kaya. Matan da ke ginin tukwane suka cika tsakar gida. Wani mai hali ya kawo motarsa sabuwa ya ce a sa gawar a ciki, tunda maƙabarta da nisa. Sai ma'aikatan magaza suka matso, tsofaffinsu da samarinsu, babbansu ya ce a yi musu alfarma, wannan nasu ne.

Ina leƙe ta ƙofar zaure lokacin da suka ɗaga makarar. Salma, na sha ganin mutanen nan suna ɗaukar kaya, da gudu da ihu da barkwanci. Ranar ba wanda ya ce uffan. Suka ɗaga shi a tare, suka daidaita kafaɗu, suka taka a hankali, ko likkafanin bai motsa ba. Gwaggo na tsaye kusa da ni, ta bi su da ido har suka sha kwana. Sannan ta share fuskarta da bakin mayafi ta ce, "Sun ɗauka daidai."

Idan kin samu hutu ki zo, ke da Inna. Ɗaki na nan, kuma Sani zai biyo ta wajenku ƙarshen wata.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Ruƙayya